Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Daraktan Sashen Kwamfuta na Ma'aikatarmu



 

Na zaɓi in rubuta wannan takarda a fili maimakon in sa ta a fayil ta bi tebur-tebur, domin abin da ke tafe da ni ba damuwata ba ce ni kaɗai, ba kuma ta ma'aikatarmu kaɗai ba. Duk inda aka kulle kwamfutocin aiki aka damƙa mabuɗin a hannun sashe ɗaya, banki ne ko asibiti ko sakatariya, za ka tarar ana irin wannan ƙorafi ƙasa-ƙasa, mai mabuɗin kuwa shi ne na ƙarshen ji.

Tun kafin in yi nisa bari in kawar da wani zato. Ban zo roƙon a ba ni ikon adimin a kan kwamfutar teburina ba, ko an ba ni ma ba na so. Na san dalilin kullewar. A 2008 an soka wani filas mai ɗauke da cuta a wata kwamfutar sojojin Amurka a wani sansaninsu na Gabas ta Tsakiya, cutar ta bi ta shige har cikin layukansu na sirri, aka shafe fiye da shekara ana sharar ta, kuma a watan Nuwamban shekarar ma'aikatar tsaron ƙasar ta hana amfani da filas a kwamfutocinta. In Pentagon da kuɗinta da ƙwararrunta ta ji jiki daga filas guda, ina ga mu, da kwamfuta ɗaya kan bi ta hannun ma'aikaci da ɗan bautar ƙasa da ɗalibi mai koyon aiki duk a wuni ɗaya? Na ga zamanin da kowa ke saka abin da ya ga dama, daga wasan kati zuwa manhajar sauke fim, ga riga-kafin bairos iri biyu suna kokawa da juna kwamfuta ta kasa motsi. Ba na kewar wancan zamani.

Abin da nake cewa shi ne an toshe hanya ba a nuna mana wata ba, aiki kuwa bai fasa zuwa ba. Ma'aikacin da aka yanka wa wa'adi aka hana shi kayan aiki ba zai naɗe hannu ya zauna ba. Zai nemi mafita, kuma wadda yake samu ta fi wadda kuka toshe haɗari nesa ba kusa ba.

Ka san aikin sashenmu. Jerin sunaye ne ke zuwa daga ofisoshin shiyya, kowane suna da lambar asusun banki da lambar waya da ta NIN, mu tantance mu tura sama. Yawanci a fayil ɗin CSV suke zuwa, wato rubutu zalla, waƙafi ya raba suna da lamba. Kwamfutocinmu ba su san komai da za su buɗe shi da shi ba sai Excel, Excel kuwa akwai karambani. Lambar asusu a Najeriya alƙaluma goma ce, da yawa da sifili suke farawa. Kana danna fayil ɗin sau biyu, Excel zai ɗauki lambar a matsayin adadin lissafi, ya zubar da sifilin gaba, ta koma tara. Lambar waya mai farawa da 080 ta koma mai farawa da 80. In mai aikin bai ankara ba ya danna ajiyewa, shi ke nan ɓarna ta zauna. Banki ya dawo da biya, wani dattijo ya taso daga ƙauye da kuɗin motar aro, ya zo ya zauna a bencin ƙofar ofis yana tambayar wanda ya riƙe masa haƙƙinsa. Babu wanda ya riƙe. Sifili ɗaya ne ya faɗi. Lambar da ta zarce alƙaluma goma sha biyar kuwa, sauran sifili Excel ke mayar da su, bai ce maka uffan ba.

Sai sunayen kansu. Tsarin UTF-8 shi ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Idan an ajiye fayil da shi ba a sa masa wata ɓoyayyar alama a farkonsa ba, Excel kan karanta shi da tsohon tsarin Turawan Yamma, wanda bai san da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Sai ka ga Ɗanladi ya fito a allo a matsayin ÆŠanladi. Ma'aikaciyar da ke gefena ta gaji da wannan, yanzu bin sunayen take ɗaya bayan ɗaya tana sake bugawa da hannu, tana cire lanƙwasar gaba ɗaya don kada ta sake haɗuwa da abin. Da haka muke rasa daidaitaccen rubutun sunayen mutanenmu a takardun hukuma, kuma kowane sake bugawa ƙofa ce ta sabon kuskure.

Kada a ce rashin iya aikinmu ne. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta tarar da sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga lissafi ba, saboda an zuba fayilolin CSV a tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, ragowar suka zube ba wanda ya sani. A shekarar ce kuma kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa wasu daga cikinsu suna, domin Excel na mayar da irin su MARCH1 kwanan wata. Masana kimiyya sun gwammace su sauya suna da su ci gaba da faɗa da manhajar. Sai a 2023 Microsoft ya sa wurin kashe wannan karambani, shi ma a sabon Office ne, ba irin wanda ke teburinmu ba.

Maganin duk wannan wata 'yar manhaja ce ta gyaran rubutu, mai nuna maka fayil yadda yake, ba ƙari ba ragi. Notepad da ke zuwa da Windows ya ɗan gyaru, tun 2019 da UTF-8 yake ajiyewa, amma ba za ka iya ce masa ya zaƙulo maka duk layin da lambar asusunsa ba ta cika goma ba, kuma babban fayil kan sa shi haki. Notepad++, wanda Don Ho ya fitar a 2003, yana yin wannan cikin ƙiftawar ido, yana gaya maka tsarin da aka ajiye fayil da shi, yana kuma sauya maka shi zuwa wanda Excel zai gane. Kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi, fayil ɗin saka shi bai kai megabait 10 ba. Wannan shi ne abin da muka cike wa fom, shugaban sashe ya sa hannu, aka buga hatimi, muka zauna jira.

Da amincewa ta fito, yaronku ya zo, yaro mai ladabi, ya buga lambar sirrin adimin yana kare allo da kafaɗa, ya saka manhajar, muka yi godiya ya tafi. Sai da muka zo kwatanta jerin wannan wata da na watan jiya muka gane abin da ke jera fayil biyu gefe da gefe ya nuna bambancinsu ba ya cikin abin da aka saka. Ƙari ne da ake saukewa daban, yana buƙatar intanet ɗin da kuka taƙaita da kuma ikon da ba mu da shi. Aka ce mu cike sabon fom.

A nan ne nake so ka ɗan tsaya da ni, ranka ya daɗe, domin a nan tsarin fom ɗinku ya gaza. Fom ɗin yana tambayar sunan manhaja ɗaya, kamar ita kaɗai take tafiya. Manhaja kuwa amarya ce, ba ta tarewa sai da 'yan rakiya da kayan ɗaki. In ka kawo ta ita kaɗai ka ajiye, aure bai zaunu ba. Wata tana dogara da wani ɗakin ajiyar shirye-shirye na Microsoft, wata da Java, wata da Python, kuma ba kowane bugu ba, sai wanda aka gina ta a kansa. Kowa a ginin nan ya taɓa ganin ɗan akwatin nan mai jan gicciye da ke fitowa ya ce ba a ga VCRUNTIME140.dll ba. Wannan fayil ɗin ɓangare ne na wani ƙunshi da Microsoft ke bayarwa kyauta mai suna Visual C++ Redistributable, saka shi kuma sai da adimin. Ka san abin da ma'aikaci ke yi in ya ga akwatin nan da ƙarfe uku, aiki kuma ana jiran sa ƙarfe huɗu? Kwafe sunan fayil ɗin yake yi ya nema a intanet, ya faɗa ɗaya daga cikin shafukan nan masu manyan korayen maɓallai da ke raba fayilolin DLL ɗai-ɗai, ya sauke, ya jefa shi kusa da manhajar. Wani lokaci ya yi aiki. Fayil ɗin DLL kuwa ba takarda ba ce, shiri ne mai gudana, yana iya yin duk abin da manhajar da ta kira shi za ta iya yi. Wanda ya ɗora shi a shafin, ba ku san shi ba, mu ma ba mu san shi ba.

Abin ya fi muni a kwamfutar nan ta ɗakin saba da aka yanke wa intanet da gangan, mai tafiya da Ubuntu. A inda akwai intanet, umarni ɗaya za ka ba apt, mai saka manhajoji a Ubuntu, ya lissafo duk 'yan rakiyar da kansa ya kwaso su. A inda babu, mutum ne ke zama apt ɗin. Abokin aikinmu da ke kula da ita ya so saka cikakken Vim na gyaran rubutu, ya ɗauko ƙunshin a filas ɗin da kuka yi wa izini, ƙunshin ya ce sai an kawo masa vim-runtime da vim-common. Ya sauka ya kwaso, aka ce saura libgpm2. Ya kawo wani, aka ce ba wannan bugun ba. Haka ya wuni yana hawa da sauka a bene, kuma kowace soka filas a wannan kwamfuta tana rage amfanin yanke mata intanet da aka yi tun farko. Da ya zo kan rsync, don kwafe bayanai zuwa ɗaya sabar, sai ya tarar dole ya kasance a duka ɓangarorin biyu, mai aikawa da mai karɓa, amincewar da aka ba shi kuwa ta kwamfuta ɗaya ce.

Wannan ya kawo ni kan tura fayil, inda na fi jin tsoro. An umarce mu da mu riƙa tura jerin zuwa hedikwata ta SFTP, kuma umarnin daidai ne. Tsohuwar hanyar FTP, wadda asalinta ke komawa 1971, a fili take aika lambar sirri, duk wanda ya kasa kunne a layin zai tsince ta. Irin wannan satar ce aka yi a jami'ar da Tatu Ylönen yake a ƙasar Finland, abin da ya sa ya rubuta SSH a 1995, wanda SFTP ke bi ta cikinsa. To amma da me za mu tura? Abin dariya, tun sabuntawar Afrilun 2018 Windows 10 yake zuwa da ssh da scp da sftp a cikinsa, suna nan kwance a System32 na kwamfutar da nake aiki da ita, sai dai an kulle baƙin allon umarni da ake kiran su ta ciki. WinSCP, wanda Martin Přikryl na ƙasar Cek ya fara a 2000, zai ba mu damar ja mu ajiye da linzami, shi kuma ba ya cikin abin da aka amince da shi. Imel yana da iyaka. Gmail ma ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25. WhatsApp kuwa tun 2022 yana ɗaukar fayil har gigabait 2, kuma ba a toshe shi a burauza ba, ina jin don manya ma da shi suke aiki.

Saboda haka ga yadda jerin sunayen talakawa da lambobin asusunsu ke tafiya a zahiri. Daga kwamfutar ofis zuwa WhatsApp ɗin ma'aikaci. Daga nan zuwa wayarsa, wadda yaransa ke wasa da ita da dare. In fayil ɗin na buƙatar gyaran da kwamfutar ofis ba za ta iya ba, ya tsallaka titi zuwa shagon kwamfuta, ya buɗe shi a na'urar da ɗalibai ke layi a kanta suna cike fom ɗin jarrabawa, ya gyara, ya biya, ya fito ya bar kwafi a wurin ajiyar abin da aka sauke. Ba mugu ba ne, so yake albashin mutane ya fita kan lokaci. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan ma'aikatar da ta tattara su, ta kuma ce in an samu ɓaraka mai haɗari a sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin awa 72. Wa zai sanar da ɓarakar da bai san an yi ba? A rajistarku ta tsaro babu abin da zai nuna. Kwamfutocin suna nan a kulle tsaf, bayanan ne suka fita.

Na san za a ce ai akwai bugun Notepad++ da na WinSCP da ba sai an saka su ba, ka warware ƙunshin kawai ka danna, kuma VS Code yana da mai saka kansa a ɓangaren mai amfani ba tare da adimin ba. Matasan ofis duk sun san wannan, wasu suna yi. Ni ban yi ba, domin takardar da muka sa wa hannu ta hana, kuma ba na son ranar da wani abu zai faru a ce daga teburina ne. Amma ka duba sakamakon: mai wayo yana da kayan aiki, bugun da ya sauke shekara uku da suka wuce ba wanda ya sabunta masa, mai bin doka kuma yana sake buga sunaye da hannu ana ce masa mai nawa.

Abin da nake roƙo rumbu ne na cikin gida. A zauna da sassa a ji abin da kowa ke buƙata a aikinsa na yau da kullum, ba zai wuce 'yan manhajoji ba, ku tantance su, ku ajiye su inda ma'aikaci zai danna ya samu ba tare da lambar adimin ba. Microsoft na da abin yin haka, Software Center ko Company Portal, ya danganta da tsarin da kuke gudanar da kwamfutocin da shi. In babu kuɗin lasisi, jaka ɗaya a saba wadda ku kaɗai ke iya rubutu a cikinta, tare da ƙa'idar AppLocker da ta yarda a tayar da abin da ke ciki kawai, ta isa a fara. Kowace manhaja ta shigo da 'yan rakiyarta cif, har da ƙare-ƙaren da aikin ke buƙata. Kuma don Allah a gwada ta a kwamfuta irin tamu, da asusun ma'aikaci gama-gari, ba a laftof ɗin injiniya da aka riga aka cika da komai ba. Yawancin "ai a tawa yana yi" daga nan yake fitowa. Ita kuma kwamfutar ɗakin saba, a yi mata madubin ma'ajiyar Ubuntu a cikin gida, apt ya koma bakin aikinsa.

Wannan ba sassauta tsaro ba ne, kuma ga hujjata. Ko daga shafin masu manhaja na ainihi ba a rasa sauke masifa. A 2017 an cusa mugun shiri a cikin CCleaner, da sa hannun kamfanin da komai, mutum fiye da miliyan biyu suka sauke. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi, ya tarar da ƙofar baya a cikin XZ Utils, wani ɗan abin matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da shi ba tare da mai ita ya taɓa jin sunansa ba. Wani mai kiran kansa Jia Tan ne ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako har aka yarda da shi, sannan ya dasa ta a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Ɗan rakiya ne aka saya, ba a taɓa SSH ɗin kansa ba. Ranar da irin wannan labari ya fito, tambaya ɗaya za a yi maka daga sama: wace kwamfuta ce a ginin nan ke da wannan bugu? In komai ta rumbunku ya shigo, kun gwada lambar tantancewarsa ta SHA-256 da wadda masu shi suka wallafa, kun rubuta bugu da rana, kafin a kira la'asar ka ba da amsa ka kuma sauya shi a wuri ɗaya. In kuwa ta wayoyi da shagunan tsallaken titi ya shigo, sai dai ka bi ofis-ofis kana tambaya, kuma ba wanda zai gaya maka gaskiya, tun da amsawa tona asirin kai ne.

Abin da ba ya cikin rumbun kuma, a sa wa roƙonsa wa'adi. Mako ɗaya, a ce eh ko a'a, in a'a ne a faɗi dalili a kuma nuna madadinsa. "A'a, amma ga wannan yana yin aikin" amsa ce da kowa zai karɓa. Shirun shi ne ke tura mutane tsallaken titi.

Ban manta da halin da sashenka ke ciki ba. Mutanenka ba su da yawa, su ne gyaran firinta, su ne jan waya, su ake kira in wuta ta ɗauke inbata ta ƙi ɗauka, har wayar oga in ta rikice su ake nema. Shi ya sa ma nake ganin bai dace a ce injiniya ya hau hawa uku don ya buga lambar sirri ya danna maɓalli sau huɗu ya sauko ba.

Lokacin ma ya zo daidai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma an sanar da mu cewa za a bi kwamfutocin ma'aikata a sake zuba musu sabon tsari. Tun da za ku haɗa ainihin kwafin da za a zuba wa kowa, a sa manhajar gyaran rubutu da abin kwatanta fayil da manhajar SFTP da ƙunshin Visual C++ a cikinsa tun daga tushe. Kafin ku rufe kwafin, ina roƙon ka turo mutum ɗaya, ko ka daure ka hawo da kanka, a makon ƙarshe na wata lokacin da jerin shiyyoyi ke shigowa, ya zauna a sashenmu daga safe zuwa azahar da takarda da biro, ya rubuta duk inda ya ga aiki ya tsaya.

 

Naka,
Wani ma'aikaci a sashen tantance bayanai